Ya Rage Gishiri

Ba zan taɓa mantawa da ƙaramar Sallar nan da ta biyo bayan Kirsimeti da kwana biyu ba. Na yi iya ƙoƙarina in manta, dangin mijina ne ba su ba ni haɗin kai ba.

A lokacin na ba wa shekara arba'in baya, wata takwas ke nan da gama ajin yaƙi da jahilci. Shekara biyu na yi ina zuwa wata firamare bayan la'asar, ina cusa jikina a bencin da aka yi wa 'yan shekara bakwai, har Allah Ya sa baƙaƙe suka daina yi mini kama da sawun kaji. Wanda ya koyi karatu da girma kuwa kamar wanda ya sa sabon haƙorin Makka ne, ko ba abin dariya sai ya buɗe baki. Allon shago, bayan mota, buhun taki, gwangwanin tumatir, ba wanda ya tsira daga gare ni. Kuma da ƙarfi nake karantawa, don ban ga amfanin ilimin da maƙwabta ba su ji ba.

Mijina, Malam, kafinta ne, mutumin Awe. Yana da karatun allo daidai gwargwado, boko ne dai ko ɗigo. Mutum ne da in ya yi magana goma a wuni to ranar ya yi surutu. Ni kuma Allah bai halicce ni haka ba. Duk unguwarmu a Lafia an san muryata, har akwai masu cewa da ita suke gane gari ya waye.

Ana saura kwana uku a ɗauki azumi zarto ya yanke shi a hannu, na raka shi ƙaramin asibitin unguwa. Nas ɗin wurin, Sista Ladi, 'yar ƙabilar Eggon ce, mace mai hannu da sauƙi. Ta ɗaure masa ciwon, sannan ta ce tunda mun zo bari ta auna jininmu duka biyu. Ta naɗa mini abin nan a dantse, ta matsa, ta saki. Ban tsaya jin sakamako ba, saboda ta taga na hango wata mata ta tsallake layi ta shiga gaban wata tsohuwa. (Ba layina ba ne. Ban san tsohuwar ba. Amma wani ya kamata ya yi magana, kuma a irin wannan wuri wanin nan kullum ni ce.) Kafin in gama da matar, Malam ya fito riƙe da 'yar takarda.

Da muka isa gida na karɓe ta. A sama akwai wani ɗan cakuɗin Turanci wanda na tsallake, don ba a kai mu nan ba a aji. Bayansa sunan Malam, wanda na sani sarai tunda shi ne a allon shagonsa. A ƙasa kuma Hausa ce da hannun Sista:

Ya rage gishiri sosai. Ya rage mai. In za a ci kaza a cire fata da kitse. Ya ci ganye da yawa. Ya rage fushi. Ya dawo bayan sati biyu.

Na karanta sau uku. Na dubi Malam. Na ce, "Hawan jini ne ya kama ka."

Ya ce, "Ai wannan takardar, Sista ta ce..."

"Sista ta ce, ni kuma na karanta. Tsakanin ji da gani wanne ne gaba?"

 Batun fushin ne kawai ya ɗan ɗaure mini kai, don shekara ashirin da biyu ban taɓa jin Malam ya ɗaga murya ko ga akuya ba. Amma nan take na warware wa kaina: masu shiru-shiru ai a ciki suke dafa nasu. Har tausayinsa na ji.

Ina da kajin da nake kiwo saboda kasuwar Kirsimeti. Na yanke shawarar ba za su ga kasuwa ba, lafiyar maigida ta fi. Duk bayan kwana uku Malam ya yanka guda da hannunsa mai lafiya, ni kuma in shiga aiki. In fige, in zare fatar kamar ana tuɓe riga, in bi duk wani kitse mai ruwan ƙwai in yanke. Yau farfesu da citta da tafarnuwa da masoro, gobe gashi a kan gawayi da lemon tsami da albasa, jibi in yayyanka tsokar cikin alayyafo da kabeji, a ci da dafaffiyar doya. Man ja da man gyaɗa na ɗage su can saman kanta. Takarda ta ce a rage gishiri sosai, ni kuma ba na aiki rabi da rabi, sai na soke shi gaba ɗaya.

Ku tuna azumi ake. Mutum ya wuni yana sassaƙar katako da hannu ɗaya da rabi, ya dawo ya sha ruwa, a ajiye masa kaza fara sol kamar wadda ta ga abin tsoro. Malam ya ci, ya yi hamdala, ya tafi asham. Rana ta bakwai ya sake gwadawa.

"Ke ma da kin..."

"Ni ma me? Ni da nake ɗauko jarka biyu daga rijiya ban huta ba? Ci abincinka, kuma kada ka sa wa ranka fushi, an hana ka."

Bai ƙara ba. Da sati biyu suka cika na tura shi asibiti, ya dawo ya ce Sista ta ɗauki hutu ta tafi garinsu shirin Kirsimeti.

Yanzu ga abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Fatar nan da nake zarewa, ina za ta? Almubazzaranci dai haramun ne, kowa ya sani. Saboda haka in Malam ya tafi masallaci sai in jefa ta a kasko. Fatar kaza ba ta bukatar mai, da nata take zuwa. Ta narke, ta ƙanƙance, ta yi ƙarau. In barbaɗa gishirin da na hana shi, haɗe da nawa kason, in ƙara yaji, in cinye a tsaye a kicin. Ranar Kirsimeti ma maƙwabciyata Maman Bulus ta jira sai da aka kira magariba ta aiko mana da shinkafa da soyayyiyar kaza tana iyo a mai, kamar yadda ta saba duk shekara. A bakin ƙofa na tare kwanon. Na ceci Malam daga gare shi tas, har da suɗe murfi. Ciwon kan da ke damuna a ƙeya kuwa, da jirin da nake gani in na miƙe, na ɗora wa azumi da wahalar jinya.

Ranar jajiberi surukata ta iso daga Awe. Iya ke nan. Tun tana budurwa sana'arta gishiri: a kankaro ƙasa, a tace, a dafa har ya kama. Hannunta duk ya tsattsage da shi. Ba ta taɓa zuwa gidan ɗanta ba tare da ƙullin gishirin da ta dafa da kanta ba, kuma a wurinta wannan ƙullin ya fi turmin atamfa daraja. Ta sauke kaya, ta dubi Malam daga sama har ƙasa.

"Wa ya tsotse mini kai?"

Ya ce, "Azumi ne, Iya."

"Azumin bana a kanka kaɗai aka saukar?"

Na karɓi ƙullin da hannu biyu, na yi godiya, na kai shi saman kanta kusa da man ja.  Na bar maganar sai taro ya cika, don ilimi irin wannan asara ne a ɓarar da shi a gaban mutum ɗaya.

Ranar Sallah kaji huɗu aka yanka. Biyu farfesu, biyu gashi, ga tulin ganye, ga farar shinkafa. Na yanke hukunci kowa abin da Malam ke ci zai ci, kada ya ga an ware shi. Fatun kaji huɗun na soya tun da hantsi, na rufe a kwanon sha na tura bayan tulu, da niyyar in baƙi sun watse in yi tawa Sallar.

Bayan la'asar tsakar gida ya cika. Ƙannen Malam uku da shi suna gindin mangwaro, matansu da Maman Bulus suna rumfa, Iya kuma ta sa an shimfiɗa mata tabarma a tsakiya, inda za ta ji na kowa. Aka buɗe kwanuka. Kun san irin shirun da ke sauka in mutane sun kai lomar farko sun rasa wanda zai fara magana? Shi ne ya sauka.

Iya ta ɗaga cinya guda ta jujjuya ta.

"Ke 'yar nan, wannan kazar wa ya yi mata tsirara?"

Na ce, "Girkin lafiya ne, Iya."

Ta kurɓi romon. Ta daɗe tana nazari. "Wannan ba romo ba ne. Kaza ce ta yi wanka ta fita."

Matan rumfa suka sunkuyar da kai. Sai Iya ta kwance bakin zanenta, ashe da ɗan guzurinta a ƙulle. Ta miƙe, ta taka har gindin mangwaro, ta ɗebo da yatsu uku za ta barbaɗa a kwanon ɗanta.

Ni dai ban san lokacin da na isa wurin ba. Na fizge kwanon. Gishirin ya zube a ƙasa.

A gidan mutanen Awe, a gaban 'ya'yanta huɗu, ranar Sallah. Ko kajin da suka rage a akurki sai da suka yi tsit.

Mai hankali a nan zai durƙusa. Ni sai na zaro takarda daga lalitata, na gyara tsayuwa kamar yadda malamarmu take yi, na karanta musu ita layi-layi, ina bin baƙaƙen da yatsa. Na yi musu bayanin hawan jini. Na sanar da su cewa ɗan'uwansu yana tafe ne da ajalinsa a jijiya, kuma in ba don Allah Ya sa akwai mai karatu a gidan ba da tuni an yi sadakar uku. Na ce zamanin a ci abin da aka ga dama ya wuce. Na ce, Allah Ya yafe mini, gishiri guba ne.

Iya ta ce, "Da gubar nan na yaye shi. Da ita na yi masa kaciya, da ita na biya sadakinki."

"Ba ni na faɗa ba, Iya, takarda ce."

"Takardar uwar wa ta haifa?"

Malam ya ɗaga hannunsa mai tabo. "Da dai an..."

Na ce, "Kai kada ka sa baki, an ce ka rage fushi." Na juya ga Iya. "Wadda ta rubuta tana nan layi na uku, jiya na ga ta dawo. Bari in kawo ta ku ji daga bakinta."

Ku lura, ba wanda ya aike ni. Da ƙafata na je, cikin kayan Sallah, na ɗauko shaidar da za ta kashe ni. A hanya Sista Ladi ta buɗe baki ya fi sau uku, amma ina ba ta labarin taurin kan mutanen da, ba ta samu ƙofa ba.

Muka shiga. Ta gaida Iya har ƙasa, ta yi wa maza barka da Sallah. Na miƙa mata takardar na ce, "Sista, faɗa musu. Wannan ba hannunki ba ne?"

Ta duba. "Hannu na ne." Sai ta dafa kafaɗata. "To Mama, yaya jiki naka? Kai naka yana ciwo har yanzu? Na ce ka dawo bayan sati biyu, ko na tafi akwai wani nas a wurin, ba ka zo ba."

Na ce, "Ni?"

"Kai mana. Jini naka ne ya hau. Baba nashi lafiya lau, kaman na saurayi." Ta nuna cakuɗin nan na sama da farce. "Ga shi, Misis. Mista ba shi da wannan ƙaramin harafi a ƙarshe. Ba ka tsaya ba ranar, ka fita faɗa, shi ne na ba Baba na ce ya gaya maka."

A Lafia aka haife ni. Tun ina goye nake jin ana ce wa mace kai, ana cewa yarinya ya tafi, mata na ya haihu. A kasuwa kullum sai an ce mini, "Mama, zo ka saya." Na sha gyara wa mutane, na sha kwaikwayonsu a gida ina dariya (ni mai harshe ɗaya, ina yi wa masu huɗu dariya). Amma ko sau ɗaya bai taɓa zo mini a rai cewa wanda ya ce wa mace ya da baki, ya ɗin zai rubuta da biro ba. Na ɗauka in magana ta hau takarda wanka take yi ta sa kayan Sallah. A aji ba a taɓa ba mu rubutun da ya yi kuskure ba sai namu.

Ƙaramin ƙanen Malam ne ya fara dariya. Ya yi ƙoƙarin mayar da ita tari, ta ƙi. Daga nan gindin mangwaro ya ɗauka, rumfa ta amsa. Maman Bulus ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa.

Sista ba ta gane abin dariyar ba. Ta leƙa kwanon Malam da na sake ɗauka, ta ɗauki tsoka ta ɗanɗana, ta gyaɗa kai. "Amma ka yi ƙoƙari, Mama. Haka ake so, sai dai ɗan gishiri kaɗan ba laifi. In haka kake ci wata ɗaya, jini ya sauka ke nan."

Na ga 'yar ƙofa, na nufe ta. Na ce, "Ai tukunya ɗaya muke ci."

Iya ta ce, "Haka ne."

Ban lura ba ashe tun shigowarmu akwai kwanon sha a gabanta. Da na tafi kiran Sista ta shiga kicin neman ƙullin gishirinta, ta yi karo da abin da ba ta nema ba. Ta ɗage murfin a hankali. Fatun kaji huɗu, sun soyu sun yi ja, gishiri yana ƙyalli a kansu.

"Ga rigunan kajin nan, an same su," in ji ta. Ta ɗauki ɗaya ta gutsura, kowa ya ji ƙarar. "Wannan kam mai girkin ta san gishiri. Na wane mara lafiyar ne?"

 Sista ta riƙe haɓa ta ce, "Mama! Kai ne kana cin wannan?"

Na tsaya da kwano a hannu ɗaya, ɗaya hannun ba abin riƙewa. Na nemi magana a duk inda na saba ajiye ta, ban samu ba. Maman Bulus ta ce daga baya, shekara goma sha ɗaya muna katanga ɗaya, ranar ce ta fara jin kukan tsuntsayen mangwaronmu.

Iya ta tura kwanon fatun gindin mangwaro. Ta sake kwance bakin zane, ta bi kwanukan kowa ɗaya bayan ɗaya tana barbaɗawa, har na Sista da aka zuba mata. Da ta zo kan nawa sai ta ƙulle zanen.

"Ya rage gishiri," ta ce, ta wuce.

Washegari Sista ta auna ni. Ba ta faɗi lamba ba, ta dai dube ni ta dubi abin awon, ta rubuta magani, ta ce in na ƙara wata guda a haka sai dai a kawo ni a kwance. Wannan karon ta sa na maimaita abin da ta faɗa kafin ta bar ni na tashi. Iya da ta zo kwana uku sai da ta yi sati uku. Ita ke riƙe da gishirin gidan, ita ke auna mini da bakin farce. Matar da ta ce gishiri bai taɓa kashe kowa ba ta zama ta fi Sista tsanani, kuma ban ga alamar aikin yana yi mata nauyi ba. Na ba ta haƙuri a durƙushe kan abin da na zubar. Ta ce ta yafe, amma ta ba da labarin a motar Awe tun kafin a fita tasha.

Bayan ta tafi, wata rana da yamma na ajiye wa Malam farfesu, na zauna da nawa. Na ce, "Wata guda kana cin abincin ciwon da ba naka ba. Me ya hana ka faɗa?"

Ya buɗe baki. Na ji amsa ta taso mini tun kafin ya fara, na danne ta da loma. Na jira. Ashe maganar tasa ba ta da tsawo.

"Na gwada. Daga baya na ga in ni ne mara lafiyar, za ki bi takardar har ki wuce ta. In ke ce, faɗa za ki yi da ita." Ya kurɓi romo. "Lissafina bai kai kan fatar ba."

Har yau haka nake dafa kazata, ba fata, ba kitse, gishiri bakin farce, kuma in gaskiya za a bi, da citta da lemon tsami ba ta da laifi. Abin da na koya dai bai fi biyu ba. In takarda ta ce ya a garin nan, a tambayi 'yar wane gari ce ta rubuta kafin a yanke wa bawan Allah hukunci. In kuma mai shiru ya buɗe baki, a bar shi ya kai aya. Na farkon na riƙe shi da kyau. Na biyun ana kan fama.